Jika 400 a hannu: na tafi Kano sari ko na fara daga kasuwar Dole?

Wani ƙanenmu ya aiko min tambaya, ya ce ya yi shekara biyu yana aikin ƙarfi a Agadas ya tara jika 400, wato sefa 400,000, ya dawo gida yana son buɗe butik, wato shago, a unguwarsu can wajen Garin Malam a nan Damagaram, kuma abokansa duk sun ce masa ya canza kuɗin ya wuce Kano kasuwar Singa tunda naira ta faɗi kaya sun yi araha, shi ne yake tambaya ko ya tafi, kuma wane kaya zai saro.

To ƙanena, Allah ya sa wa abin da ka tara albarka, na san yadda ake samun jika 400 da gumi, shi ya sa ba zan ba ka amsar da za ta yi maka daɗin ji kawai ba. Kar ka tafi Kano yanzu. Ba wai Kano ba ta da araha ba, tana da ita, ni kaina shekaru na yi ina bin hanyar nan ta Matamai da Dan Barto wani lokaci kuma ta Magarya, amma arahar Kano tana amfanar wanda ya riga ya san abin da unguwarsa take ci ne, kai kuma yau ba ka sani ba tukuna, kuma ba laifinka ba ne, babu wanda yake sani sai ya zauna bakin shago ya ga abin da mutane suke miƙo hannu suna tambaya.

Bari na fara da lissafin da abokanka ba su yi maka ba. Mu ɗauka misali ne kawai don canji kullum motsi yake, a ce yau mai canji ya ba ka naira 2,500 a kan jika 1. Ka shiga Singa ka tarar da katan ɗin wani kaya naira 30,000, ka buga a waya ka ga jika 12 ke nan, alhali a kasuwar Dole ta nan Damagaram ana ba ka shi jika 14 da sefa 750. Nan take zuciyarka za ta ce ai ga ribar kusan jika 3 kwance tun kafin ka sayar. To tsaya. Mai ɗauko maka shi daga cikin kasuwa zuwa tasha zai ci nasa, mai mota zai ci nasa a kan kowane katan, a iyaka akwai duwan, wato kwastan, a kan hanya akwai abin da kowa ya sani ana tsayawa ana bayarwa, kai kanka ka biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ka ci abinci, wataƙila ka kwana, kuma mai canji ma ba a banza ya zauna ba, farashin da yake saye daban wanda yake sayarwa daban. In ka raba duk wannan a kan katan 20 da kuɗinka zai iya saya, sai ka ga katan ɗin ya iso ƙofar shagonka a jika 14 da 300. Abin da ka tsira da shi 450 ne a katan, jika 9 ke nan gaba ɗaya, kuma ka rufe shago kwana biyu, kuma in katan ɗaya ya jiƙe ko ya fashe a hanya jika 9 ɗin ta tafi har da ƙari. Alhajin da yake ɗauko katan 600 a kamiyo ɗaya shi wannan 450 ɗin kuɗi ne mai yawa a wurinsa, kuma kuɗin ɗaukarsa a katan bai kai rabin naka ba. Tsakaninmu da Kano kusan kilomita 240 ne, hanyar ba ta tambaya ko katan 20 ka ɗauko ko 600, kuɗin kujerarka ɗaya ne.

Sai kuma babbar matsalar da ta fi wannan, wadda ita ce nake son ka riƙe ko da ka manta duk sauran maganata. Ƙaramin jari ba yawan riba yake nema ba, juyawa yake nema. In ka tafi nesa sari dole ka sayi da yawa don tafiyar ta biya kanta, in ka sayi da yawa kuma kuɗinka ya kwanta a kan kanta yana kallonka. Ka duba nan. Jika 50 ka zuba a sukari da taliya da magi da sabulu, ribarsu ƙarama ce, a ce 5 cikin 100, amma duk sati sun ƙare ka sake sarowa, to jika 2 da rabi sau 4, jika 10 ke nan a wata. Wata jika 50 ɗin ka zuba a turare da man shafawa masu tsada, ribarsu 30 cikin 100, kana jin daɗi kana cewa jika 15, amma sai sun yi wata 4 kafin su ƙare, ka ga a wata ba ka samu ko jika 4 ba, kuma rana ta dake su, ƙura ta hau kwalin, na ƙarshen sai ka karya farashi. Yara da yawa da na gani sun buɗe shago sun rufe cikin shekara ba sata aka yi musu ba, shagon cike yake da kaya ranar da suka rufe, kwantai ne ya kashe su, ga kaya ga kanta amma babu kuɗin da za a sayo buhun sukarin da ake tambaya sau goma a yini.

Don haka ga yadda zan yi in ni ne kai. Jika 400 ɗin ba zan kai ta kasuwa gaba ɗaya ba. Zan cire kuɗin haya na 'yan watanni, da kanta da sikeli da kwado mai kyau, kar ka yi kwalliyar shago da yawa, fenti ba ya kawo ciniki. Zan ware kamar jika 80 na ajiye ta gefe ban taɓa ba, wannan ita ce za ta cece ka ranar da kaya suka tashi ko ranar da ka gano abin da unguwa take so wanda ba ka da shi. Sauran kuma zan shiga Dole da shi na sayi kaɗan kaɗan iri da yawa, rabin katan, dozin ɗaya, rabin buhu, ko da farashin ya ɗan fi na mai ɗaukar katan cikakke, wannan ɗan bambancin kuɗin makaranta ne kake biya kuma ya fi araha a kan katan 10 na abin da ba a saye.

Kafin ma ka sayi komai, ka ba kanka sati ɗaya ka zauna kusa da inda za ka buɗe, da safe da yamma da bayan isha'i. Ka ga yaran da ake aikowa me suke riƙe da shi in sun dawo daga shagon da ke can gaba, ka ga mai shayi na kusa wace madara yake amfani da ita, mai ƙosai da mai awara wane mai suke saye kuma nawa a yini, akwai lakwal, wato makarantar boko, kusa ko makarantar allo ko gareji. Unguwanninmu ba ɗaya ba ne, abin da yake tafiya a Birni ba lalle ya tafi a Karkada ba, na bakin titi a Sabon Gari cinikinsa daban da na cikin lungu. A cikin lungu cinikinka na dala 5 ne da dala 10 da dala 20 (dala ɗaya sefa 5 ce), sukarin ƙulli, omo na ƙulli, mai a ɗan ludayi, magi ɗaya ɗaya, kuma kar ka raina wannan don nan ribar take, buhun da ka ƙulla da hannunka ya fi wanda ka sayar a tiya riba nesa ba kusa ba, sai dai ka auna da gaskiya, ka san ƙulli nawa buhu yake ba ka, ka ƙirga kuɗin leda a ciki, don na ga mai ƙulla sukari wata uku yana faɗuwa bai sani ba saboda hannunsa yana da nauyi.

Ka sayi kaye, wato littafin rubutu, guda biyu da bik. Na farko na lissafi, abin da ya shigo abin da ya fita. Na biyun kuma shi ne wanda mutane ba sa yi, duk abin da aka tambaya ba ka da shi ka rubuta. An tambayi ashana babu, rubuta. An tambayi pampas na jarirai lamba kaza babu, rubuta. In abu ya fito sau uku a sati to unguwa ce take gaya maka abin da za ka saro, kuma ta fi duk wani aboki sanin amsar. Bayan wata 3 wannan kayen zai nuna maka kaya 10 ko 15 da su ne ƙashin bayan shagonka, to a lokacin ne maganar Kano take da ma'ana.

Maganar wanda za ka riƙa sari a wurinsa kuwa, a nan nake son na daɗe kaɗan. Ka zaga Dole ka tambayi farashi wuri uku ko huɗu, ba ranar Alhamis ba don ranar kasuwa ce babu mai lokacinka, ka je Litinin ko Talata da hantsi lokacin da manyan suke zaune. Amma in ka gama zagayen ka zaɓi mutum biyu ka tsaya a kansu, kar ka zama mai tsalle yau nan gobe can saboda dala 20. Babban ɗan kasuwa yana kallonka ne ko bai nuna ba, yana ganin kana zuwa duk sati, kana biya a take, ba ka da rigima, to wata rana da kansa zai ce ɗauki katan 5 ka kawo kuɗin Juma'a. Ran da ya faɗi haka jarinka ya ninka ba tare da ka je banki ba. Kuma in ya ce Juma'a ka kai ranar Alhamis da dare, in kuma ka ga ba za ta cika ba ka je da ƙafarka tun Laraba ka gaya masa, kar ka kashe waya. Shi ne kuma zai raɗa maka cewa mai zai tashi sati mai zuwa ka ƙara jarka biyu, ko ya ce kar ka ɗauki wannan madarar kamfanin ya canza ta mutane sun fara dawo da ita. Wannan labarin ba a samunsa a Singa in kai baƙo ne da ka zo yau za ka tafi gobe.

Ni abin da ya same ni a farkon zuwana sari ƙetare har yau ina jin zafinsa. Wani dillali ya tare ni tun daga bakin kasuwa, ya ga baƙo, ya ce akwai lemon kwali ana karyarwa, ya kai ni wani sito can ciki mai duhu, aka buɗe min katan na sama na duba kwanan wata na ga da saura wata 8, na sha ɗaya na ji lafiya lau, na biya katan 15 ina murna har na ba shi la'ada da ƙari. Sai da na iso gida na fara jerawa a kanta, na ɗago kwali daga katan na huɗu na juya gindinsa, sati 3 ya rage. Na buɗe na biyar haka, na shida haka, katan 3 ne kawai masu kyau, su aka ɗora a sama. Na zauna a kan buhun shinkafa na rasa abin da zan yi, na sayar da abin da ya sayu a ƙasa da uwar kuɗi, ragowar da lokacinsu ya wuce na zubar don ba zan ba 'ya'yan mutane abin da ba zan ba nawa ba. Tun ranar duk katan ɗin da zan biya ni nake nuna wanda za a buɗe, daga tsakiya ko daga ƙasa, kuma ina tsaye ake ɗaurewa ake lodawa. Ka duba kwanan wata, ka duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magani, in kayan Najeriya ne na ci ko na shafawa, ka girgiza gwangwani ka ga ko ya kumbura, kuma duk arahar da ta wuce hankali ka tambayi kanka me ya sa mai kayan yake gudunsu.

In lokacin zuwa Kano ya yi, ga yadda ake yi da ƙaramin ƙarfi. Ku haɗu ku uku ko huɗu masu shago, mutum ɗaya ya tafi da lissafin kowa, ku raba kuɗin hanya, wata mai zuwa wani ya tafi. Ko ka sami direba amintacce da mai shago ɗaya a can da kuka saba, ka tura kuɗi a ɗoro maka, amma wannan sai bayan ka je da kanka sau biyu sau uku an san fuskarka. Ka san kuma inda kowane kaya yake don kar ka ɓata yini kana yawo, kayan masarufi Singa, atamfa da shadda da yadi Kantin Kwari, robobi da takalma da gwanjo Ƙofar Wambai, hatsi Dawanau, canji kuma Wapa a Fagge, kodayake ka tambayi canjin nan gida da na bakin iyaka kafin ka tashi don wani lokaci na nan ya fi. Kayan da suka fi biyan tafiya su ne marasa nauyi masu daraja waɗanda ba sa lalacewa, takalma, robobi, kayan kwalliya, ba buhun abin da za ka samu a Dole da bambancin dala 40 ba. Kuma ka bi ta duwan ka karɓi takardarka, na san za a ce maka akwai hanyar daji da babur, masu bin ta suna nan, amma mai jika 400 kamu ɗaya ne ya raba shi da kasuwa.

Kar kuma ka gina shagonka gaba ɗaya a kan hanya ɗaya, mu nan mun gani da idonmu. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a nan Nijar aka sake rufewa da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, sai a Maris 2024 hanyar ta dawo, hanyar Kwatano kuma ta tsaya, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, tafiyar ta ƙara tsawo kuɗin ɗauka ya ƙaru. A farkon 2023 ma lokacin canjin takardun naira, mutane sun je da kuɗi a hannu sun rasa yadda za su yi da su. Duk wanda mai ba shi kaya ɗaya ne a ƙetare ya sha wuya a waɗannan lokutan, wanda yake da mutum a Dole da wani a Maraɗi ya ci gaba da buɗe shago. Sefa tamu a ɗaure take da yuro, 655.957 a yuro 1, naira kuma tun Yuni 2023 aka sake ta tana yawo, shi ya sa kar ka taɓa ajiye jarinka a naira kana jiran tafiya, ka canza ranar da za ka saya. Kuma faɗuwar naira ba ta nufin kaya sun yi araha har abada, 'yan kwanaki ne 'yan kasuwar can su ƙara farashi su cike gurbin.

Wannan ya kawo ni kan sa farashi. Ka sayar da farashin da za ka sake sarowa, ba wanda ka saro ba. Ka sayi jarkar mai jika 20, yau ta koma 23 a kasuwa, in ka ci gaba da sayarwa a lissafin 20 kana ganin kana da riba, ran da ta ƙare za ka je da 21 da rabi a hannu ka tarar ba ta sayen jarka, ka ci uwar kuɗi ke nan kana dariya. In kuma ta sauka kai ma ka sauka da wuri ko da zafi, don maƙwabcinka zai sauka kuma yaran da ake aikowa sun fi kowa sanin inda dala 5 ta ragu.

Bashi kuma ba zan ce maka kar ka bayar ba, wanda ya ce maka haka bai taɓa zama a shagon unguwa ba, matar maƙwabcinka za ta aiko da safe babu kuɗin koko kuma ba za ka iya mayar da yaron hannu wofi ba. Amma ka sa masa iyaka, duk bashin da ke waje kar ya wuce kashi 1 cikin 10 na jarinka, kowa da shafinsa da iyakarsa, wanda bai biya na baya ba ba a ɗora masa sabo, ka faɗa da murmushi da girmamawa amma ka faɗa. Ma'aikata masu jiran albashi suna da daɗin ciniki sai dai in albashi ya yi jinkiri kai ma ka yi jinkiri tare da su, ka san adadin da za ka iya ɗauka. Wanda ya fi wuya shi ne na gida. Inna za ta aiko a ba ta sabulu, yaya zai ɗauki shayi da sukari ya ce rubuta, kai kanka za ka miƙa hannu a akwati ka biya kabu-kabu. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka kullum kamar kai yaron shago ne, daga ciki za ka yi wa Inna hidimarta kuma ka yi da farin ciki, abin da ya fita daga kanta ko na gidanku ne a rubuta shi da farashinsa. Duk ƙarshen wata ka rufe ƙofa awa biyu ka ƙirga kaya da kuɗi da bashi ka ga jika 400 ɗin tana nan ko ta rame.

Shekara kuma tana da lokutanta, ka riƙa shiga gabansu da sati biyu ko uku. Kafin azumi sukari da madara da dabino da mai, kafin salla kayan miya da omo da turare, kafin komawa lakwal a Oktoba kaye da bik da alli, da hunturu man shafawa, da zafin Afrilu da Mayu ruwan leda da ƙanƙara. Amma kar ka ci bashi ka sayi firigo a shekarar farko, ka san halin wutarmu da zafi, ka fara da kula ka riƙa saro ƙanƙara. Da damina ciniki yana ja baya don kuɗin mutane yana gona, kar ka tsorata, ka rage sari kawai, da kaka zai dawo.

Masu tallar kaya a WhatsApp da Facebook da masu cewa za su yi maka oda daga Sin, akwai na gaskiya a cikinsu, amma kar ka tura kuɗi ta Nita ko Amana wa wanda ba ka san shagonsa ba kuma babu wanda ka sani da ya san shi, in za ka gwada ka gwada da abin da in ya tafi ba zai hana ka barci ba. Magani kuma kar ka sa shi a kanta ko an ce maka yana da riba, haka fetur a kwalba, ba layinka ba ne kuma masifarsu ta fi ribarsu. Patanti, wato harajin kasuwanci, da kuɗin meri in sun zo ka biya ka karɓi rasit ka adana a leda, in shago ya girma har kana son sayar wa ma'aikatu sai ka nemi NIF, wato lambar shaidar haraji, da rajistar kasuwanci.

In ka shirya, sati na farko ka yi zaman kallon nan da na ce, ka rubuto min kaya 20 da ka ga an fi saye a layinku da farashin da shagon kusa yake sayarwa, ka kawo min kayen ranar Talata da hantsi mu shiga Dole tare, zan nuna maka mutum biyu da nake sari a wurinsu ka gaishe su, kuma ranar kar ka zo da fiye da jika 150 a aljihu.